Hayaƙi Cikin Babban Madubi

Juma'a, 2 ga Agusta, da hantsi

An kwana ana ruwa. Na buɗe ɗakin gwaji ƙarfe bakwai awa kullum, sai nit tarar da tagar yamma a buɗe, Babban Madubi na duban ƙwayoyin cuta kuma bisa teburi ba a rufa mishi rigarshi ba. Feshin ruwa ya jiƙa rabin teburin.

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da wanga ɗaki na jami'a. Masu jinin mutane, masu jinin dabbobi, masu duba cutar gero da albasa, duk nan suke haɗuwa, kowa ya rubuta sunanshi ga littafin layi ya jira. Madubi uku gare mu: tsofaffi biyu, sai babban mai maleƙi biyu na sa ido, da ke ɗaukar hoto. Ban taɓa barin ko ɗaya ya kwana tsirara ba. Jiya na tafi jana'iza Darna, nib bar makulli hannun Lubabatu, ɗalibar da anka turo daga Sakkwato tana ɗibar jinin yara Garu da Araba saboda zazzaɓin cizon sauro.

Na goge shi, na kunna, na ɗora gilashin jini, na leƙa. Hagu garau. Dama akwai hayaƙi, awa an hura wuta da ɗanyen itace can nesa. Na goge maleƙin da takardarshi. Shina nan. Na musanya maleƙan, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Hayaƙin bai bi maleƙi ba, ya tsaya dama. Ke nan ciki yake, can cikin kai inda hannu ba shi kaiwa. Damshi ya shiga.

Juma'a, bayan la'asar

Lubabatu ta zo. Ina zaune gindin dogon yaro bakin ƙofa da mutane. Na faɗi abin da nif faɗi, kuma da ƙarfi nif faɗe shi.

Tac ce, "Baba Yari, taga kam laifina ne, da rigar. Ruwa ya taso ina sauri in kai maka makulli. Amma bari in leƙa in gani."

Nic ce, "Ki leƙa mi? Abin da kinka ɓata?"

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. 

Na sa madubin cikin akwatinshi da 'yan jakunkunan shan damshi, na kulle sai injiniya ya zo. Na kira Dakta Mukhtar, shugaban ɗakin, shi can Sakkwato yake zaune. Yac ce, "In kai ka gani, Baba, na gani." Doka ta ce wanda ya ɓata kayan aiki ba ya sake shiga sai kwamiti ya zauna. Yac ce in ya zo zai taho da takarda zuwa sashen su Lubabatu, ni in sa hannu a matsayin shaida.

Lahadi, 4 ga Agusta, da azahar

Ranar kasuwa. Tun safe kukan shanu ya cika gari. Maharazu, na ɓangaren dabbobi, ya shigo da jinin bijimai goma sha huɗu daga kara, kasuwar shanu, gumi na zuba.

Yac ce, "Tsoho, buɗe muna akwatin nan mana. Sammore ba ya jiran injiniya."

Nic ce, "Wanda ke kwance asibiti ba a tashinshi kokawa."

"To in leƙa kawai, in gaishe shi da jiki."

"Ka gaishe shi ta waje, shina ji."

Ya yi dariya, ya ja tsohon madubi shina ƙunƙuni. Da shi yag gama aikinshi, ko da yake ba hoto. Maharazu ba shi da riƙo, bakin ne kawai.

Talata, 6 ga Agusta, bayan asuba

Saudatu ta canza kofunan shayi ba ta gaya min ba. Waɗanga bakinsu ƙarami. Sau biyu ina zubawa bisa tabarma. Tac ce kofunan nan tun aurenmu suke. 

Laraba, 7 ga Agusta, da la'asar

Lubabatu ta dawo daga Garu da gilasai ashirin da shida cikin akwatin katako. Ba ta taka ko dokin ƙofa ba. Ta tsaya nan, ta gaishe ni har ƙasa awa ba abin da ya faru.

Tac ce, "Baba, in ba a rina su yau ba, ƙuda zai lashe jinin."

Jini bai yi laifi ba. Na karɓa, na haɗa rini, na auna ruwa, na jera su bisa sanda, na tsaya bakin agogo. Ta ce akwai yara biyu da jikinsu ya yi zafi ƙwarai, lamba tara da lamba sha bakwai, uwayensu na jiran magana. Na duba su da tsohon madubi mai maleƙi ɗaya. Na lamba tara cike yake da ƙwayoyi, awa an watsa gero. Na sha bakwai ba komi. Na faɗa mata ta taga, ta kira mai maganin Garu nan take.

Wanga tsohon madubi, kwanan nan na fi jin daɗinshi. Kayan da ba su ƙarya.

Amma aikin karatunta ba ya karɓuwa sai da hoton kowane gilashi, kuma hoto sai babban.

Juma'a, 9 ga Agusta, da hantsi

Ruwa. Ba wanda yaz zo.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan azahar

Na wanke gilasai ɗari biyu, na shanya. In hannu na cikin ruwan sabulu tunani kan yi yawo.

Na tuna marigayi Malam Sharafuddeen, wanda yaf fara riƙe wanga ɗaki. Ni shara anka ɗauke ni. Ban yi boko ba ko na kwana ɗaya. Bisa gefen gilashi nik koyi lamba, bisa kwalabe nik koyi baƙi. Wata rana ya ga ina leƙen madubi da tsintsiya a hannu, maimakon ya kore ni sai yac ce, "Aje tsintsiyar, kada ka tsokane min shi." Shekara uku yana nuna min. Bayan ya rasu, ko likitoci in sunka yi gardama kan gilashi sai a ce a kira Yari.

Shi yak koya min: in ka ga datti, abu uku za ka tuhuma, bi da bi. Na farko gilashin, motsa shi ka gani ko dattin ya bi. Na biyu maleƙin, juya shi. Na uku kuwa.

Ruwan sabulu ya ƙare, gobe sai a sayo.

Litinin, 12 ga Agusta, da maraice

Ɗan kabu-kabu ya kusa kwashe ni wajen mahaɗar hanyar Ƙonni. Daga dama yaf fito, ba ko oda. Wai shi ke da bakin cewa, "Baba, ba ka gani?" Nic ce ina gani tun ba a haifi wanda ya saya mishi babur ba. Mutane sunka yi dariya. Ƙafata ta ɗan gurje.

Laraba, 14 ga Agusta, da la'asar

Lubabatu ta kawo gilasan Araba, talatin da takwas. Na rina. Da nake miƙa mata ta taga, sai tac ce a hankali, "Baba, wannan talatin da takwas ne, an rubuta talatin da uku. Hala alƙalamin ne ya ƙafe." Ta ciro wani mai kaurin baki daga jaka ta ba ni.

Alƙalamin ne. Sabon ya fi fita.

Na lura da wani abu. In za ta miƙo min kaya, sai ta zagayo ta hagu. Ko bakin ƙofa, ta hagu take tsayawa. Da can ban san ta da haka ba. Ko kuwa ta daɗe tana yi.

Alhamis, 15 ga Agusta, da hantsi

Masu gero sun zo da ganye mai tsatsa. Sun tambayi babban. Na ce shina jinya. Ɗayansu yac ce, "Yarinyar nan ta cuce mu duka." Ni na fara faɗin haka, amma da nij ji shi daga bakin wani bai yi min daɗi ba.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan azahar

Gilasan Araba na makon farko, arba'in da ɗaya, sun tashi aiki. Ɗakin da Lubabatu take haya yana yoyo, kuma ba ta da ikon aje su nan cikin kabad ɗinmu mai bushewa. Ta kawo min su cikin tsumma. Funfuna ta yi musu saƙa awa gizo-gizo. Yara arba'in da ɗaya anka soka wa yatsa, kowane da kukanshi.

Nic ce, "Mi ya hana ki ba ni in aje miki?"

Tac ce, "Doka ta ce ni da kayana, Baba. Ban so in ja maka magana ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna bisa benci tana ware masu ɗan dama-dama. Izininta na aikin ƙauye ƙarshen wata zai ƙare. In takardar Dakta ta isa sashensu, shekarar ta tafi, kuma sunanta zai zauna cikin fayil: wadda ta ɓata madubin jami'a. Maharazu ne yaf faɗa min haka, ba ita ba.

Na karɓe sauran duka na sa cikin kabad. Doka ta zo ta same ni.

Lahadi, 18 ga Agusta, da la'asar

Taga dai ita ta bar ta a buɗe. Wannan ba ƙarya ba ne. Rigar ma haka.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Dakta ya kira. Injiniya ba zai samu zuwa ba sai bayan damina. Kwamiti kuma ba zai jira shi ba. Talata mai zuwa Dakta zai taho da takardar. Yac ce, "Maganarka ta isa, Baba. Wa zai duba bayanka?"

Da can in anka ce min haka, yini nake ina jin daɗi.

Alhamis, 22 ga Agusta, bayan asuba

Ina shirin fita Saudatu ta tare ƙofa da kwanon tsaba a hannu.

Tac ce, "Malam, rufe idon hagu ka gaya min kaji nawa ke tsakar gidan nan."

Nic ce, "Kajinki ne, ki ƙirga abinki."

"Shekara arba'in ina kallon hwuskag ga. Tun azumi kake karkata kai in ana maka magana, awa zakara ya hangi shaho."

"Wuyana ke ciwo."

"To Allah shi ba wuya lafiya," in ji ta. Ta matsa min na wuce.

Ban karya ba na fita. Ɗakin gwaji shiru. Na share inda na riga na share.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba kan wani abu. Ban riƙe ba.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Ba kowa yau. Na sa sakata ta ciki. Na buɗe akwatin, na fito da shi, na kunna, na ɗora gilashin yaron nan na Garu, lamba tara.

Abu na uku da Malam Sharafuddeen yac ce a tuhuma shi ne mai dubawa. Ban manta ba. Ko ranar Juma'ar nan ban manta ba.

Na sa idon hagu ga maleƙin dama.

Garau. Kowace ƙwaya da zobenta, awa yau anka sayo shi.

Na sa idon dama ga maleƙin hagu. Hayaƙin ya biyo ni.

Na daɗe zaune. Sannan nim mai da shi cikin akwati, nik kulle.

Lahadi, 25 ga Agusta, da azahar

Kasuwa. Maharazu ya yi ta ba'a, ban ji rabi ba.

Litinin, 26 ga Agusta, da la'asar

Ba wanda ya sani. Kafin injiniya ya zo sai a ce jakunkunan damshi sun shanye hayaƙin, a ce dabarar Yari ta yi aiki. Sa hannu ne kawai, harafi huɗu.

In na faɗa kuwa, na san abin da ke biyo baya. Ba a barin mai ido ɗaya ya raba gardamar likitoci. Za a yi min godiya, a ɗauki hoto, a ba wani makulli. Ni ban san wani wurin zama da safe ba in ba nan ba.

Lubabatu ta wuce ɗazu za ta Garu, ta tsaya ta gaishe ni. Ta tambayi ƙafar da nig gurje.

Talata, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Dakta Mukhtar ya iso ƙarfe sha ɗaya, motar duk taɓo. Munka gaisa, ya tambayi Saudatu, ya sha ruwa. Ya sa anka kira Lubabatu, ta tsaya bakin ƙofa. Maharazu na ciki. Dakta ya shimfiɗa takardar bisa teburi, ya miƙo min biro.

Yac ce, "Nan ƙasa, Baba."

Na riƙe biron. Na aje shi. Na je na buɗe akwatin, na fito da madubin, na kunna.

Nic ce, "Lubabatu, shigo ki leƙa."

Ta dubi Dakta. Nic ce, "Ni nih hana ki, ni nic ce shigo."

Ta shigo, ta zauna, ta leƙa. Ta daɗe fiye da yadda ya kamata.

"Mi kinka gani?"

Ta ɗago kai, ta dube ni.

"Ɗiyata, faɗi. Da ƙarfi."

Tac ce, "Lafiya lau yake, Baba."

Dakta ya leƙa. Maharazu ya ture shi ya leƙa, ya ɗago zai yi magana, ya ga hwuskata, ya haɗiye.

Nic ce, "Dakta, madubi bai taɓa ɓaci ba. Hayaƙin ga idona yake, na dama. Tun ranar farko akwai gwajin da ya kamata in yi, na san shi, nik ƙi yi. Yarinyar ga ta bar taga a buɗe, wannan kaɗai ne laifinta. Sauran nawa ne."

Dakta ya zauna bisa kujera. Ya juya ga Lubabatu yac ce, "Ke kin san da haka?"

Tac ce, "Na yi zato, ranka ya daɗe. Tun kafin ruwa ya sauka nake ganin yana rufe ɗaya in zai duba."

"Shi ne kika yi shiru mako uku da rabi? Da shekararki za ta tafi!"

Tac ce, "Ban leƙa ba, ban da tabbas. Kuma in na ce idon Baba ne, gaban wa zan faɗa?"

Wannan ta fi komi nauyi. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Dakta ya ninke takardar huɗu ya sa aljihu. Yac ce zai roƙa mata ƙarin mako biyu, bai yi alkawari ba. Maganata kuma, yac ce sai likitan ido ya duba ni tukuna, Litinin in same shi Sakkwato. Wai yanar ido ce, ana cire ta. Na ce to. Bai ce komi kan makulli ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 28 ga Agusta, da maraice

Tun ƙarfe bakwai take bisa madubin, ba ta tashi ba sai salla. Masu gero da Maharazu sun bar mata layinsu na kwana huɗu ba wanda ya roƙe su. Na Araba arba'in da ɗaya dai ba su dawowa.

Na roƙe ta gafara. Tac ce, "Haba Baba, ya wuce." Nic ce bai wuce ba tukuna.

Ba cikin ɗaki nib ɓata mata suna ba, gindin dogon yaro ne, gaban mutane. Na zauna na tuno su ɗaya-ɗaya. Maharazu, ya ji jiya. Masu gero biyu. Mai gadi. Direban motar ƙauye. Sai wani dillalin shanu na Ƙonni, Sahabi, da ya kawo jinin bijiminshi ranar. Shida.

Alhamis, 29 ga Agusta, da la'asar

Na tara huɗun gindin itacen, na faɗa musu yadda nif faɗa wa Dakta, da murya irin ta ranar. Mai gadi ya yi ta cewa, "Ya isa, Baba, ya isa." Ban bari ba sai da nik kai ƙarshe.

Saura ɗaya.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan asuba

Kaji bakwai ne. Da na hagu nik ƙirga. Saudatu tac ce takwas, ɗaya na kwanci.

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Na shiga kara tun hantsi. Taɓo har idon sawu, ƙaho ko'ina, sai karkata kai nake ina bi a hankali. Na tambayi mutum ya fi goma. Wani ya ce bai ƙetaro daga Ƙonni ba yau, wani ya ce ya gan shi wajen raƙuma. Sai kusan azahar nis same shi bayan wata babbar mota, shina riƙe da igiyar jan bijimi, suna ciniki cikin hannun riga.

Na jira sunka gama. Munka gaisa.

Nic ce, "Sahabi, ka tuna wata Juma'a, farkon watan jiya, da kaz zo ɗakin gwaji, ina faɗa da wata yarinya kan ta ɓata madubi?"

Ya sosa gemu. Yac ce, "Wace yarinya?"

"Lubabatu. Ɗaliba. Mai farin hijabi."

"Wallahi tsoho, ni bijimina nike tunani ranar. Ko da giwa kay yi faɗa ban gani ba."

Nic ce, "To ka ji yanzu. Ba ta ɓata komi ba. Idona ne ke da yana, nid ɗora mata."

Yac ce, "Subhanallahi. Allah shi ba da lafiya. Amma don wagga magana kas shigo taɓo tun safe? Ni da ban ma riƙe ta ba?"

"Kunnenka ya ji ta farko. Wata rana kana zaune Ƙonni za ta faɗo maka, ka ba da labari. Ina son in ta faɗo, ta faɗo da ta biyun. Maimaita min."

Ya dubi mutanen da ke wurin, ya yi dariya. Ya ga ban yi ba.

Yac ce, "Lubabatu ba ta ɓata madubi ba. Idon tsoho ne."

Nic ce, "Madalla. Allah shi ba da kasuwa."

Shida sun cika. Gobe motar farko zan bi zuwa Sakkwato.